Yadda Ake Shirya Babur Bayan Doguwar Ajiya

A ƙasashen Turai, inda ƙanƙara ke rufe hanyoyi, masu babura sukan jingine su har sanyi ya wuce. Mu a nan ba mu da irin wannan sanyi, amma muna da namu dalilan ajiya. A Minna, babban birnin Jihar Neja tun 1976, damina takan kama daga Afrilu har Oktoba, kuma akwai waɗanda kan kulle babur a zaure har ruwa ya ɗauke. Wani kuwa tafiya kwas ce, ko rashin lafiya, ko canjin wurin aiki. Ko mene ne dalili, na'urar da ta yi watanni a tsaye ba ta cancanci a hau ta nan take ba. Wannan ɗan littafi zai bayyana matakan da suka kamata a bi.

Wane Irin Inji Gare Ka?

Babur Vespa, wanda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ya yaɗu a hannun ma'aikata da malamai a ƙasar nan, musamman bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Tsofaffin Vespa ana gauraya musu fetur da baƙin mai ne. Yawancin ƙananan babura na yanzu kuwa, baƙin mai yana da mazubinsa dabam. Wajibi ne mai babur ya san irin nasa, gama abin da ya dace da wannan yana iya lalata wancan.

1. Dubawar Farko

A fito da babur sarari, a wanke shi, a duba shi da rana. Ɓeraye sukan ci robar wayoyin wuta, su yi sheƙa a ƙarƙashin kujera. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a bakin salansa ko a mashigar iska. Kada a cusa hannu cikin wani lungu sai an haska, domin kunama ma tana son irin wannan wuri. A duba ƙasan inda babur ya tsaya: ɗigon mai alama ce ta yoyo.

2. Fetur da Kafireta

Fetur ba ya jure ajiya. In ya daɗe, sashensa mai saurin kamawa yakan bi iska, saura ya yi danƙo ya toshe ƙananan kafofin kafireta. Haka kuma raɓar damina takan taru a cikin tankin da ba a cika ba, ta haifar da tsatsa. Saboda haka a juye tsohon mai duka, a leƙa cikin tanki, a kwance kafireta a wanke, sa'an nan a zuba sabo. A yi wannan aiki a waje, nesa da murhu da fitilar kwai da mai shan taba. Ga yawancin Vespa da aka ƙera daga shekarun 1960, ma'aunin gauraye shi ne kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 na baƙin mai ga kowace lita ta fetur. A wanke matatar iska, gama ƙurar hunturu in ta shiga inji tana cin fistin kamar yashi.

3. Baƙin Mai da Fulogi

A juye tsohon man inji, ko na giya in Vespa ce, a zuba sabo daidai ma'auni. Man da ya yi fari-fari kamar madara ruwa ya shige shi. A cire fulogi a goge. In bakinsa ya cinye, a sayi sabo. Kafin a mayar da shi, a ɗiga baƙin mai kaɗan a raminsa, a taka kik a hankali sau da yawa, domin mai ya jiƙa fistin da ya bushe. In kik ya ƙi motsi, kada a tilasta masa. A kira makaniki.

4. Batir

Batir yana rasa wutarsa ko ba a aiki da shi, zafi kuma yana ƙara gaggauta haka. Batir mai bolt 12, in yana cike, yakan nuna kamar 12.6 a ma'auni. A kankare farin gishirin da ya taru a kawunansa, a shafa giris kaɗan, a kai caji. In irin mai murafu ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da ruwan rijiya ko na famfo.

5. Taya da Birki

A nan ne rai yake. Tayar da ta daɗe a tsaye takan sace, gefenta ya tsattsage. Tayar da ta tsage, ko zanenta bai cinye ba, a canja ta. A jikin taya akwai lambobi 4 masu nuna ranar ƙira: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 1521 na nufin mako na 15 na 2021. A sa mai faci ya auna iska da ma'auni, ba da yatsa ba, har da ta safaya.

Wayoyin birki da kuloci da totur sukan yi tsatsa a cikin rigarsu. A ɗiga musu mai, a matsa a saki, a tabbata kowace tana komawa da kanta. Wayar da silinta ɗaya ya tsinke, sauran ma suna hanya. A tura babur da hannu, a gwada birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya. A kula kada mai ya taɓa takalmin birki.

6. Tayar da Inji da Gwaji

Kada a tayar da inji a cikin ɗaki ko rufaffen zaure. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar launi, marar wari, mai kisa. A bar inji ya yi zafi a hankali, ba tare da murza totur da ƙarfi ba. A gwada fitilar gaba da ta birki da sigina da hon. Gwajin farko a yi shi a cikin unguwa, ba a hanyar Bosso ko ta Paiko da safe, lokacin cunkoson ma'aikata da 'yan makaranta ba. Hanyar Bida ko ta Suleja kuwa, inda manyan motoci ke bi, sai an tabbata kome ya daidaita. A tuna kuma, hannun mahayi ma ya yi sanyi, kuma damina takan bar ramuka da yashi a inda da babu.

7. Takardu da Hular Kwano

Takardu suna ƙarewa ko babur yana ajiye. A duba lasin tuƙi, da takardar rajista, da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tsananta dokar sanya hular kwano a kan babur daga 1 ga Janairu, 2009. Mahayi da wanda aka goya duka su sa, su ɗaure igiyar. Hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta.

Jan Kunne

Duk wannan aiki bai wuce na yini ɗaya ba, kuɗinsa kuma bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Wanda zai sake ajiye babur, ya cire batir, ya ɗora shi bisa tsayuwarsa ta tsakiya, ya rufe shi a busasshen wuri. Rigakafi ya fi magani. Mai karatu, in ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka.