Takobi da Hawaye: Tsakanin Littafin Almara da Littafin Soyayya

Lokacin ƙuruciyata a Getso, littattafai iri biyu ne ke shigowa gidanmu, kuma kowanne da ƙofar da yake bi. Na almara da jarumtaka ta zaure suke shigowa, a hannun samari, a karanta su a fili bayan isha'i kowa na ji. Na soyayya kuwa a cikin mayafi suke shigowa, su kwana ƙarƙashin katifar yayata. Duka biyun na karanta, kuma yau da na girma nake son in ɗora su a ma'auni.

Almara ce ta fara kama ni. Da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam na fara, ina bin Alhaji Imam gari-gari yana neman ruwan magani, shi da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna makirci. Daga nan na shiga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙi da Turawa ya zarce zuwa duniyar aljanu. Littattafan nan biyu sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kuma a gasar ce Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ya samu shiga. Ranar da na ga sunan Gwarzo a bangon littafi, na tabbata ashe mu ma na yammacin Kano da hannunmu aka kafa ƙagaggen labari na boko. Bayan su na sha Magana Jari Ce, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, har zuwa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da muke haya muna karɓa-karɓa.

Abin da almara ta ba ni shi ne faɗin ƙirji. Yaron da bai taɓa wuce Gwarzo da Kabo ba, ga shi yana ƙetare teku, yana shiga fadar sarakuna. Ta koya mini cewa dabara ta fi ƙarfi, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse. Ta kuma ƙara mini Hausa, domin a bakin akun Magana Jari Ce na tsinci karin magana da yawa da nake amfani da su har yau. Sai dai duk ranar da na rufe irin wannan littafi, nakan tarar da gidanmu yadda na bar shi. Dodon da aka kashe a takarda ba shi da ɗan'uwa a unguwarmu.

Littafin soyayya daban yake. Wata rana na ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, na karanta labarin Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ban iya barci ba a daren. Na san Abu. Tare muka yi firamare da irinta, wata rana kawai muka ga wurin zamanta babu kowa, aka ce an ɗaura mata aure. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma na ga Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Irin su Rabi ba sai an je birni ake ganin su ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa na tambayi kaina dalilin da zai sa talaucin saurayi ya zama laifi.

Ga inda bambancin yake. Almara takan fitar da mai karatu daga gari, soyayya kuwa takan mayar da shi tsakar gida, ta nuna masa abin da yake gani kullum bai lura ba. Shi ya sa almara ta zauna lafiya, soyayya ta sha suka. An kira waɗannan littattafai adabin kasuwar Kano, an ce suna ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ban musa ba, akwai na banza a cikinsu, masu kwaɗaita wa 'yan mata motoci da gidajen sama, kuma yanzu da rubutu ya koma WhatsApp tsaki ya ƙara yawa cikin tsaba. Amma almara ma tana da nata tarkacen, inda ake ta sare-sare shafi bayan shafi babu darasi. Kuma tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, littafin soyayya ne ya ba mace Bahaushiya damar faɗin ciwonta da bakinta: auren dole, kishi, saki, da hana karatu. Mata da yawa a garinmu saboda shi suka riƙe karatun boko bayan aure.

Idan aka ce in zaɓa, almara ta raine ni, amma soyayya ce ta gyara mini hali, domin ita ta koya mini tausayin yayata da mahaifiyata. Don haka nake kira ga iyaye da malamai: kada ku ƙwace littafi daga hannun yaro kafin ku karanta shi. Ku ba namiji Wa Zai Auri Jahila?, ku ba mace Ruwan Bagaja, sannan ku zauna da su ku ji abin da kowa ya fahimta.