Injin Walda Na Inbata: Ƙarami Ne, Amma Ba Abin Wasa Ba

Aikin ƙarfe tsohon abu ne a Kano. Labarin kaka da kakanni ya nuna cewa maƙera daga Gaya ne suka zo Dutsen Dala neman tama, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cinikin kayan ƙira a Kasuwar Kurmi. Yau sana'ar ta sake kama. A Ƙofar Ruwa da lungunan cikin birni, masu walda ne ke haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje, kuma da yawa daga cikinmu can muke zuwa koyon aiki bayan an tashi makaranta ko lokacin hutu.

Injin da ke yawaita a hannun masu walda yanzu shi ne na inbata. Tsohon inji mai tiransifoma sai mutum biyu sun cicciɓa, amma wannan a kafaɗa ake rataya shi. Wutar da ke shigo mana gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Inbata kuwa yana ƙara saurin juyawar zuwa dubbai masu yawa, don haka ɗan ƙaramin tiransifoma ya wadatar, kuma bai cika shan wuta ba.

Sai dai ƙanƙantarsa ba ta rage haɗari ba. Zafin wutar walda ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500. Haskenta na ƙona fatar ido, kuma ba nan take ake ji ba. Sai cikin dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya kare komai. Garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11 ita ce ta dace da aikin yau da kullum, kuma yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe shi ma yana buƙatarta. Idan idon ya kamu, kada mu ɗiga masa madara ko ruwan albasa, mu tafi asibiti.

Mu sa safar hannu ta fata da takalmi rufaffe da tufafin auduga, domin rigar ƙwallo da yadin roba narkewa suke yi su manne da fata. Kada mu canja sandar walda da jiƙaƙƙen hannu, ko mu tsaya a danshi lokacin damina. Shagunan cikin birni matsattsu ne, saboda haka a buɗe ƙofa iska ta ratsa, musamman in ana walda farin bututu mai rufin zinki, wanda hayaƙinsa ke sa zazzaɓi. A nisanta fetur ɗin janareta da katifa da kwali daga tartsatsi. Duro ko tankin da aka taɓa zuba mai a ciki kuwa, ko babu ɗigo, tururin da ya rage na iya fashewa. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Shi ma injin yana da haƙƙi a kanmu. Idan an rubuta 60% a jikinsa, ana nufin a ƙarfin wutar da aka ambata, minti 6 zai yi aiki cikin kowane minti 10, ya huta 4. In fitilar zafi ta kama, a tsaya, amma a bar fankarsa tana juyawa har ya huce. Ƙurar hunturu da garin ƙarfe daga injin gurza su ne manyan abokan gabarsa, don haka a ɗora shi kan benci, a riƙa hure ramukan iskarsa bayan an cire soket. A duba wayoyi kullum, wadda ta zaye a canja ta, ba a naɗe ta da leda ba. Idan da janareta ake aiki, a bari ya daidaita kafin a jona, a kuma kashe injin kafin a kashe janaretan. Buɗe cikinsa aikin mai gyara ne, domin wuta na saura a ciki ko bayan an kashe.

Ga mai son sana'ar ta kai shi nesa, makarantun fasaha na koyar da walda, kuma hukumar NABTEB na shirya jarrabawa a kanta. Kafin nan, in an miƙo mana sanda a shago, mu fara tambayar ina garkuwar fuska take. Rigakafi ya fi magani.