Mita Mai Kati: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

'Yan'uwa manoma, yaranmu na Shinkafi da Zurmi masu karatu a Ƙauran Namoda sukan kama ɗakin haya mai mitar kati. Sai an biya a sha wuta. Kati ya ƙare, wuta ta ɗauke, ko da tuwo na bisa risho.

Ba fitila ke cin kuɗin ba. Ƙwai mai wat 10 yakan yi awa 100 da yunit 1. Rishon lantarki mai wat 1,000 kuwa, awa 1 tak ya cinye shi. Dafa wake na awa 2 ya lashe hasken dare 40 ke nan, in ana kunna ƙwan awa 5.

Ran da ba wuta, yunit na cikin mita ba ya dafa ko koko. Mu sa wa yaro kurfoti da gawayi cikin kayansa.