TAYA MARA ISKA: SHIN LOKACINTA YA YI?

Duk wanda taya ta taɓa yi wa faci a tsakiyar daji da dare, ga iyali cikin mota ga safaya ba iska, ba zai ƙi jin labarin tayar da ƙusa ba ta iya sace ta ba. Irin wannan taya akwai ta, amma kafin mu yi murna ya kamata mu san abin da ya hana ta shiga kasuwa.

Tun shekarar 1888 da wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast, duniya ta watsar da tayar roba zalla, domin iska tana shanye girgizar hanya, ba ta da nauyi, kuma kyauta ce. Aibinta ɗaya ne, wato takan tsere. Don haka ne a 2005 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da wata taya mai suna Tweel, wadda aka cika cikinta da haƙarƙarin roba mai lanƙwasa a maimakon iska. A 2019 kuma ya haɗa hannu da General Motors na Amurka suka nuna wata mai suna Uptis domin ƙananan motoci, da fatan a fara sayar da ita a 2024. Shekarar ta zo ta wuce, tayar ba ta isa shagon kowa ba, ko da yake a 2023 an gwada ta a motocin raba kaya na DHL a Singafo da na gidan waya a Faransa.

Matsala ta farko ita ce zafi. Haƙarƙarin nan yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, idan kuwa mota ta daɗe tana gudu sai robar ta ɗauki zafi, abin da ke rage mata kwana. Ta biyu ita ce girgiza da ƙara, waɗanda ke ƙaruwa yayin da gudu ya ƙaru. Ta uku nauyi ne, domin roba ta maye gurbin iska, taya mai nauyi kuwa takan sa mota shan mai. Sannan da yake gefenta a buɗe yake, laka da tsakuwa suna iya maƙalewa ciki su sa sitiyari rawa. Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukanmu da damina ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma abin da direbobi suka fi kowa sani. Taya mai iska tana bin umurnin mai ita: idan kaya sun yi yawa a ƙara mata iska, idan an shiga rairayi a rage, kamar yadda masu ƙetare hamada daga Agadas suke yi. Taya mara iska kuwa yadda aka ƙera ta haka za ta mutu. Ga shi tare da wili take zuwa, saboda haka mai facin bakin titi ba shi da abin da zai yi mata, sai dai a sayi sabuwa da tsada.

Wannan ba ya nufin ba ta da amfani. A motocin yankan ciyawa da ƙananan motocin aikin gini, inda gudu kaɗan ne ƙusa kuma da yawa, tuni ake sayar da ita, kuma tana biyan bukata. Kowane allazi da nasa amanu.

Mu dai masu bin manyan hanyoyi, lafiyarmu tana kan iskar da ke cikin tayoyinmu huɗu. Mu riƙa auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. In za mu sayi taya, musamman ta gwanjo, mu duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai ci ba, tana iya fashewa da fasinja cike a mota.