Kuɗin meri ma asusunmu ne

Ƴan uwa mata, duk wadda ke cikin asusu ta san ranar rabo. A shimfiɗa tabarma, masu makulli su buɗe akwati gaban kowa, a ƙirga kuɗi, magatakarda ta karanto littafi. Ko dala ɗaya ta ɓace, ba mai tashi sai an gano ta. To, akwai wani akwatin da muke zubi a ciki duk shekara, amma ba mu zuwa wurin ƙirga. Shi ne akwatin meri.

Wata ranar zubi, wata tsohuwa mai saida fura ta dube ni ta ce: "Shugaba, tiken da muke biya duk ranar kasuwa ina yake zuwa? Ga kasuwa ba makewayi, mace ta wuni tana matse kanta, ko ta bar kayanta ta shiga gidan mutane roƙo." Na rasa amsa, kunya ta kama ni. Sai muka tashi mu biyar, muka tafi meri da littafi da biro.

Ga abin da muka koyo. Kuɗin komin suna shigowa ta lanhon da mai gari ke tarawa, da tiken kasuwa, da kuɗin kasuwar dabbobi, da tasha, da mahauta. Gwamnati na ƙara wani abu ta hannun hukumar ANFICT, masu furoje su ma suna taimakawa. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Kafin ta shigo ake tsara kasafi, wanda ma'aikata ke ce wa bidje. Kashi biyu ne. Na farko na tafiyar da meri ne: albashi, man mota, takardu, wuta. Na biyu na ayyuka ne: aji, rijiya, rumfar kasuwa, makewayi. In shekara ta ƙare, shugaban komin ya fid da lissafinsa, mai riƙon kuɗi ya fid da nasa, a gwada su. Kamar dai magatakarda da ma'aji a wurinmu.

A 2004 aka fara zaɓen kansilolin komin a Nijar. A 2016 gwamnati ta miƙa wa komin-komin wani sashe na aiki a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ku duba da kyau, duka huɗun nan a wuyan mace suke kwana. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa shugabannin riƙo. Kujera ta canza hannu, amma lanho bai tsaya ba, don haka tambaya ma bai kamata ta tsaya ba.

Da aka buɗe mana takarda, sai ga makewayin kasuwa rubuce a kasafin shekarar da ta gabata. Me ya hana a gina? Aka ce abin da aka tara bai kai abin da aka sa rai ba. In kuɗi suka gaza, albashi ake fara biya, aiki ya jira baɗi. Nan muka gane rubuta aiki daban, yin sa daban.

Amma in za a faɗi gaskiya, mu ma da namu laifin. Sau nawa mai karɓar kuɗi ke cewa "kawo rabi, Hajiya, a bar tike", mu miƙa muna murna mun samu sauƙi? Kuɗin da ba a yaga masa tike ba aljihu yake shiga, akwatin meri bai san da shi ba. Rabin nan da muka tsira da shi, makewayinmu ne muka cinye.

Ƙungiyarmu ta tsai da shawara, muna ba ku ita. Kada ki biya sai an ba ki tike ko resi, ki adana shi. Kowace ƙungiya ta zaɓi mata biyu da suka iya karatu su riƙa zuwa meri. Su je tun da kaka, lokacin da ake tsara kasafin baɗi, da buƙata guda a rubuce, ba goma ba. In shekara ta juyo su koma da tambaya uku: nawa aka sa ran samu, nawa aka samu, wane aiki aka gama wanda ido zai gani? A yi tambaya da ladabi, ba faɗa ya kai mu ba. In ƙungiyoyin gari suka tafi tare, an fi saurin ba su kujera.

Har yau ba a gina makewayin ba. An dai sake sa shi a kasafin bana, kuma mun rubuta ranar da aka yi mana alkawari a bayan littafin zubi. Tsohuwar nan tana tara tikenta a gwangwanin madara, ta ce ranar komawa meri da shi za ta tafi.

Allah Ya sa albarka a zubinmu.