Kafin a Kashe Tsohon Sabis

Duk motar da ta taso daga Daura za ta Matamaye ko Damagaram sai ta tsaya a Kongolam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, kafin ta tsallaka Ɗan Barto. Kafin direba ya gama da jami'an kwastan da na shige da fice, an buga waya ta fi a ƙirga. Dillalin shanu yana tambayar yadda kasuwa ta kaya, ɗan canji yana son jin farashin sefa, mai kaya a Kano yana bibiyar ko lodinsa ya wuce. Da yawa daga cikin wannan magana a ƙananan wayoyi masu madannai ake yin ta, irin waɗanda caji ɗaya ke kai su kwanaki. Sabis ɗin da waɗannan wayoyi ke hawa shi ne 2G, wanda ya shigo Najeriya a watan Agustan 2001. To shi da ƙanensa 3G, kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama sun shiga kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Bakatsine in ya ji an ce za a kashe sabis, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne watan Satumban 2021, lokacin da aka toshe sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Wani kuma zai tuna rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. Kashe 2G da 3G daban ne. Ƙarfen sabis yana nan a tsaye, kamfani yana nan yana sayar da kati, layinka ma lafiyarsa lau. Na'ura ɗaya ce za a kashe a kan ƙarfen, wadda tsohuwar wayarka ta iya magana da ita. Maƙwabcinka mai sabuwar waya ba zai ma san an yi ba, kai kuwa ka wayi gari babu ko sanda ɗaya.

Me zai sa kamfani ya kashe abin da ke kawo masa kuɗi?

Mai sauraren rediyo ya riga ya san rabin amsar. Kowace tasha tana da mitarta, kuma in biyu suka hau mita ɗaya a gari guda, ba abin da za a ji sai hayaniya. Wayar salula ma rediyo ce, tana karɓa tana aikawa, kuma tana buƙatar tata mitar. Mitocin da suka dace da wannan aiki ƙididdigaggu ne, ba wanda zai iya ƙirƙiro ƙari. Gwamnati ce ke riƙe da su a madadin jama'a, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke ba kamfanoni hayarsu na wasu shekaru. Kamar rumfunan kasuwar Mai'aduwa ne: fili ya riga ya cika, wanda ya kama rumfa kuma yana biyan kuɗinta ko ya yi ciniki ko bai yi ba, don haka ba zai bar kayan da ba a tambaya su tare masa gaban rumfa ba alhali masu neman wani kayan sun yi layi.

Kuɗin hayar kuwa ba na wasa ba ne. A gwanjon watan Janairun 2001, dala miliyan 285 aka yanka wa kowane lasisi, MTN da Econet suka biya. A 2007 aka ba da lasisin 3G a kan dala miliyan 150 kowanne. A watan Disambar 2021, MTN da Mafab kowannensu ya ci gwanjon megahaz 100 na 5G a kan dala miliyan 273.6. Wanda ya zuba irin wannan dukiya dole ya riƙa lissafin abin da kowane ɗan yanki na mita ke dawo masa da shi. Lissafin kuma a fili yake: yankin mitar da 3G ke zaune a kai, in aka ɗora masa 4G, zai ɗauki data ninki-ninki, ya ishi mutane da yawa a lokaci guda. Ga kuma wuta. Kowane zubi na sabis da na'urorinsa a kan ƙarfe, kowanne yana shan lantarki, a ƙasar da dubban ƙarafan sabis ke kwana su wuni a kan janareta. Tsadar dizal na cikin hujjojin da kamfanonin suka kafa har NCC ta yarda musu ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Najeriya ta taɓa ganin irin wannan, mutane ne suka manta. Kafin manyan wayoyi su cika gari, akwai wasu kamfanoni masu wata fasaha da ake kira CDMA: Starcomms, Multi-Links, Zoom da Visafone. Wanda ya yi harka a Kano a shekarun nan zai tuna wayar Starcomms a kan teburan shaguna da ofisoshi. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙushe, Visafone ya rage na ƙarshe, kamfanin da Jim Ovia, mai bankin Zenith, ya kafa a 2007. A farkon 2016 MTN ya saye shi. Masu layin Visafone a lokacin ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, MTN kuwa yana da sama da miliyan 60, don haka kowa ya san ba jama'ar aka bi ba. Abin da aka bi shi ne mitar megahaz 800 da Visafone ke zaune a kai. Aka mayar da masu layin kan MTN da lambobinsu, shi ya sa har yau lambar da ta fara da 0704 ta MTN ce, aka kashe tsohon sabis ɗin. Wayoyin CDMA kuma, da yake ba sa iya hawa sabis irin na MTN, suka koma kayan wasan yara. A watan Oktoban shekarar MTN ya ƙaddamar da 4G. Darajar wannan mita ta kai Airtel da 9mobile suka yi ta ƙorafin kada a mallaka wa kamfani ɗaya ita, har NCC ta yi zaman jin ra'ayi a kai a 2018.

Dalilin wannan rububi ya shafi mutumin Kongolam fiye da mutumin Legas. Mita in tana ƙasa, kamar 700 ko 800 ko 900, tana cin dogon zango, tana ratsa bango ta shiga har ƙuryar ɗaki. In ta yi sama, kamar 2600 ko 3500 da 5G ke kai, tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa, sai an jera ƙarafa kusa da kusa. A birni wannan ba matsala ba ce, akwai jama'ar da za ta biya. A ƙasar da ƙauyuka da rugage ke warwatse tsakanin gonakin gero, kamfani ba zai dasa ƙarfe a kowane ƙauye ba, ƙarfe ɗaya yake so ya rufe masa wuri mai faɗi. To 2G a Najeriya yana zaune ne a kan 900 da 1800, wato ya tare ɗaya daga cikin mafi kyawun gurabe. Ranar da aka sauke wani ɓangare nasa aka ɗora 4G, mutumin ƙauye ne zai fi kowa cin riba, domin intanet mai ƙarfi zai iske shi a inda a da sai ya hau tudu. Ni dai ba na cikin masu ganin kashe tsohon sabis zalunci ne a kan kansa. Abin dubawa shi ne wanne za a fara kashewa, yaushe, kuma me aka tanadar wa wanda abin zai bari a baya.

Alƙaluman NCC sun nuna inda aka dosa. A ƙarshen 2024, 4G ya haura 2G ya zama kan gaba da kusan rabin layukan ƙasar. A lokacin masu 2G suna wajen kashi 40 cikin 100, masu 3G kuwa ba su kai kashi 10 ba. Wato ƙanen ne zai riga wan tafiya. Mai son intanet ya tsallake 3G ya wuce gaba, mai son kira kawai bai taɓa buƙatarsa ba. Haka ta faru a Indiya, inda Airtel, uwar wannan Airtel ɗin namu, ya fara kashe 3G daga birnin Kolkata a 2019 ya bar 2G yana aiki. A Ingila ma wasu manyan kamfanoni sun kashe 3G a 2024, 2G kuwa an ba shi wa'adi har 2033. Amurka ta gama da 3G a 2022. Afirka ta Kudu ta sa wa'adi, da ta ga miliyoyin talakawa ba su shirya ba ta ɗage shi zuwa ƙarshen 2027.

Sai dai akwai tarkon da ko masu manyan wayoyi ba su cika lura da shi ba. An ƙera 4G ne don data, ba don murya ba. Ka lura da saman wayarka in kira ya shigo: a wayoyi da yawa alamar 4G takan ɓace, H ko E ta fito, sai an gama magana ta dawo. Wayar ta sauko tsohon sabis ne ta amsa kiran. Don murya ta bi ta 4G kai tsaye, sai wayar tana da wani tsari da ake kira VoLTE, kuma kamfanin ya buɗe mata shi. Ba kowace waya mai 4G ke da wannan ba. Ostireliya ta ɗanɗana: da Telstra da Optus suka zo kashe 3G a watan Oktoban 2024, sai aka tarar da ɗimbin wayoyi masu 4G, musamman waɗanda aka sayo daga waje, ba za su iya kiran lambar neman agajin gaggawa ba, har gwamnati ta ba da umarnin a toshe su daga sabis gaba ɗaya. Ƙasa ce mai arziki, an kuma yi shekaru ana sanarwa.

A wajenmu abin da ya rataya a wuyan tsohon sabis ya wuce gaisuwa. Lambobin nan da ake dannawa masu farawa da tauraro don tura kuɗi ko duba abin da ya rage a asusu, a yawancin wayoyi ta tsohon sabis suke bi. Tsofaffin na'urorin POS da yawa ma haka. Wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, ya san yadda cinikin dabbobi da hatsi ya koma kan tiransifa da jiran alat. A gari irin Kongolam, inda mai POS ne bankin unguwa, sabis ya ɗauke na wuni ɗaya asara ce da za a iya ƙirgawa.

Iyaka kuma ta ƙara wa lamarin wani ƙulli. Igiyar sadarwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wayar da ke Kongolam tana iya jiyo ƙarafan Airtel Nijar ko Moov ko Zamani, kamar yadda ta Ɗan Barto ke jiyo na Najeriya, shi ya sa mai harka tsakanin ƙasashen biyu ba ya rabuwa da sim biyu. In ɓangare ɗaya ya kashe tsohon sabis ɗaya bai kashe ba, tsohuwar waya ba za ta ga komai ba sai sabis ɗin ƙetare. Ko dai ta ƙi hawa, ko ta hau a riƙa cajin mai ita kuɗin baƙo yana zaune a ƙofar gidansa. Sauya wa mita aiki a bakin iyaka ma sai hukumomin ƙasashen biyu sun daidaita, don kada wannan ya shiga wa wancan. Tun juyin mulkin Yamai na watan Yulin 2023, da rufe iyakar da ya biyo baya, da ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025, zama a teburi ɗaya ba ya zuwa da sauƙi kamar da.

Don haka nauyin farko yana kan NCC da kamfanonin. Kada a kashe 2G a ko'ina cikin karkara sai 4G mai ɗaukar murya ya rufe duk inda 2G ke rufewa a yau, kuma a auna wannan a ƙasa, a ƙauyuka, ba a taswirar ofis ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman don kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba, garuruwan kan iyaka kuwa su ne gidan wannan magana. Sanarwa kuma a yi ta da Hausa da Fulatanci, a rediyo da kasuwanni, tun da sauran lokaci mai tsawo. Saƙon Turanci da aka tura wa dattijon da ba ya karanta boko ba sanarwa ba ce. Sannan a samar da ƙaramar waya mai madannai da ke hawa 4G a farashin da talaka zai iya. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Jio ya fitar da irinta a Indiya tun 2017 ya sayar da miliyoyi.

Sauran nauyin yana kanka, mai karatu, musamman ranar da ka shiga kasuwa sayen waya. Wayoyin da ƙasashen waje suka daina amfani da su ba a rami ake binne su duka ba. Wasu sukan biyo hanya su faɗo kasuwannin 'yan hannu, a goge su, a sa musu sabuwar riga da farashi mai jan hankali. Araha dai ba ta ado. Babbar wayar da iyakarta 3G, ko nawa aka rage maka, kuɗinka ka sa a abin da kwanansa ya kusa ƙarewa. Ƙaramar wayarka ta kira ba sai ka yar da ita ba, da sauran amfaninta. Amma in za ka sayi sabuwa, a Farm Centre ta Kano ne ko a teburin mai waya a Daura, ka sa sim ɗinka a ciki tun kana gaban mai shago, ka ga alamar 4G ko LTE ta fito da idonka, ka ce ya buɗe maka saitin ya nuna maka VoLTE. In sim ɗin naka tsoho ne tun na zamanin da, ka je ofishin kamfanin a sauya maka da mai 4G, lambarka ba za ta canza ba. Mai sana'ar POS kuma ya tambayi kamfanin da ya ba shi na'ura wane sabis take hawa, in tsohuwa ce ya nemi a musanya masa tun yanzu.