Ɗigon fenti a jikin sifirin: ka duba shi kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra neman kayan mota ya san yadda cinikin sifirin yake. Ka zo da tsohon naka a hannu, mai shago ya jawo wani daga cikin tuli, ya jera su a ƙasa, ya ce maka: “Maigida, ai ka gani, tsayinsu ɗaya.” Ka biya, bakanike ya ɗaura. Bayan sati guda sai ka ga mota ta karkata gefe, ko gaba ya sunkuya, taya kuma tana cinyewa ta ɓari ɗaya.

Sau da yawa amsar tana nan a jikin ƙarfen. Idan ka goge laka da tsatsa, za ka ga ɗigo-ɗigon fenti ko gajerun layuka a kan ɗaya daga cikin zagayen sifirin: fari, rawaya, kore, shuɗi, ja. Masana'anta ce ta sa su don a gane ƙarfinsa da nauyin da aka yi shi ya ɗauka.

Dalili shi ne mota iri ɗaya ba nauyinta ɗaya ba. Ɗauki Golf na kamfanin Volkswagen. Mai injin dizal ta fi mai ƙaramin injin fetur nauyi a gaba, giya mai sarrafa kanta ma tana ƙara nauyi, doguwar nan mai faɗin but kuwa an yi bayanta don kaya. Kowacce da sifirin da ya dace da ita, alhali a ido kusan duk ɗaya suke. Launi da yawan ɗigon su ne ke raba su.

Sai dai a kula, kowane kamfani da nasa tsarin. Ɗigo shuɗi biyu a Volkswagen ba shi ne ma'anarsa a BMW ba. Don haka launi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. A motocin Volkswagen da Audi akwai kuma wata takarda da ake mannawa a but, yawanci kusa da safaya taya, mai ɗauke da lambobin kayan da aka haɗa motar da su. Ɗauki hotonta a waya kafin ka fita kasuwa.

Akwai wata matsalar. Yawancin kayan hom-yus daga ƙasashen sanyi suke zuwa, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin na cin ƙarfe, kuma galibi ta zagayen ƙasa sifirin ke karyewa. Wanda aka fesa wa baƙin fenti yana ƙyalli, to an rufe alamar masana'anta, an rufe tsatsar ma. Idan alamar ta goge, a ƙirga zagaye, a auna kaurin ƙarfen, a gwada tsayi da na ɗaya gefen.

Kada kuma a sayi guda ɗaya don rage kashe kuɗi. Na hagu da na dama tare ake canza su, masu alama iri ɗaya. Idan suka bambanta, mota ba ta zama daidai a kwana ko lokacin taka birki, shokozoba ma ba ya daɗewa. Ga direban tasi da ke ɗaukar fasinja daga Nima zuwa Madina kullum, wannan maganar rayukan mutane ce, kuma amana ce a wuyansa.

Yaranmu na zango masu koyon kanikanci, ku ma ga naku: kada a matse sifirin da igiya ko waya. A yi amfani da abin matse shi na ƙarfe, domin idan ya kufce yana iya karya hannu ko ya fasa fuska. Kafin a kwance na jikin mota kuma, a wanke shi, a ɗauki hoton ɗigon, sannan a tafi kasuwa da shi.